Harsuna, annabci da warkarwa: sun tafi da manzanni ne, ko suna nan?

Ishaku: Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa. Tun jiya Lahadi maganar nan take cina. Baƙon mai wa'azin nan ya ce wai baiwar harsuna da annabci da warkarwa sun ƙare tun mutuwar manzanni, tunda an kammala Littafi Mai Tsarki. A wace aya? Ni abin da na gani a 1 Korantiyawa 14:39 shi ne kada a hana yin magana da harsuna. Shi kuwa a gaban dattawa ya hana, ba wanda ya ce uffan.

Malam Dauda: Ishaku, ka ɗan sassauta. Bai ce Allah ya daina warkar da mutane ba. Cewa ya yi babu sauran mutumin da yake riƙe da baiwar kamar yadda Bitrus ya riƙe ta, ya dubi gurgu a ƙofar Haikali ya ce masa tashi, ya tashi nan take. Afisawa 2:20 ta ce an gina ikilisiya a kan harsashin manzanni da annabawa. Kai da kake bin magina aiki a Gonin Gora, ka taɓa ganin an kai linta sannan aka koma zuba harsashi? Ka kuma bi rayuwar Bulus. A Ayyukan Manzanni 19, ƙyallen da ya taɓa jikinsa ake kai wa marasa lafiya su warke. Amma can a ƙarshen rayuwarsa ya rubuta cewa ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya, 2 Timoti 4:20. Timoti kuma da yake fama da ciwon ciki, shawarar abin da zai sha ya ba shi. Ina ƙyallen ya tafi?

Ishaku: Malam, ayar da mai wa'azin ya jingina a kanta ita ce 1 Korantiyawa 13:10, wadda ta ce in “cikakke” ya zo, abin da bai cika ba zai shuɗe, wai “cikakke” ɗin shi ne Littafi Mai Tsarki. To a sauka aya ta 12. Bulus ya ce a ranar nan za mu gani fuska da fuska, mu sani kamar yadda aka san mu. Malam, ka ga Ubangiji fuska da fuska? Ayar da ta ce harsuna za su daina, ita ce ta ce ilimi ma zai shuɗe. Sai a je a rufe makarantar tauhidi ta Kagoro ke nan.

Malam Dauda: Wannan kam ka kama ni, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ni ma ban taɓa gamsuwa da fassarar nan ta “cikakke” ba, dawowar Almasihu ta fi dacewa da wurin. Amma sauran maganata tana tsaye. Harsunan ranar Fentikos, ranar da Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa manzanni, yarukan mutane ne. Fartiyawa da Larabawa da mutanen Masar kowa ya ji ana magana da yaren garinsu. Waɗanda suka fito daga farkawar titin Azusa a Amurka a 1906 ma haka suka ɗauka da farko. Wasu suka kama hanyar Indiya da tabbacin za su yi wa'azi ba tare da sun koyi yare ba, da suka isa ba wanda ya gane abin da suke faɗa. Bayan haka ne maganar “yaren addu'a” ta yi ƙarfi. Ka kawo mini ɗan Narayi da bai taɓa jin Barbarci ba, ya buɗe baki mutumin Maiduguri ya fahimce shi, ni da kaina zan ba da shaida.

Yohanna: Ni fa an taɓa koya mini. Wani kwanan addu'a a Sabon Tasha, aka ce duk wanda bai karɓi baiwar harsuna ba ya fito gaba. Wani ya dafa mini kai, ɗaya ya sa baki a kunnena yana cewa in yi ta maimaita “haleluya” da sauri har harshena ya harɗe. Wajen ƙarfe uku na dare ƙafafuna suka gaji, na ga in ban yi wani abu ba ba za a sake ni ba, sai na fara jero sunayen ƙauyukanmu da sauri. Aka yi tafi, aka ce na karɓa. Allah ya gafarta mini.

Ishaku: Yaya Yohanna, jabun dubu ɗaya ba ya hana ta gaske zama a aljihun wani.

Yohanna: Gaskiya ne ƙanena. To annabawan zaɓen 2023 fa? Wannan ya ce Allah ya nuna masa wane, wancan ya ce Allah ya nuna masa wani dabam. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ce in abin bai faru ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba. Nawa ne suka fito suka ce sun yi kuskure?

Mama Saratu: 'Ya'yana, ni ba ni da boko irin naku, abin da idona ya gani zan faɗa. Ina cikin taron Bonke, mai wa'azin nan Bajamushe, a Kaduna a 1990, na ga ana ɗaga sanduna sama, amma ban san masu su ba, don haka ba zan rantse a kai ba. Wanda na sani shi ne autana. Yana shekara uku zazzaɓi ya kama shi, ya sanƙare, idanu suka juye. Muna asibiti kwana huɗu, likita ya kira babansa gefe, na ga fuskarsa na gane. Matan Zumunta guda biyar suka zo da yamma da kwanon tuwo. Wata tsohuwa a cikinsu, ko karatu ba ta iya ba, ta shafa man gyaɗa a goshinsa, ta yi addu'a da ba ta kai minti biyu ba. Kafin asuba yaron ya buɗe ido ya ce zai sha kunu. Yanzu shi ne yake tuƙa ni zuwa sujada. Malam Dauda, wannan me za ka kira shi?

Malam Dauda: Mama, amsar addu'a zan kira shi, na kuma ce Amin. Yakubu 5:14 ke nan, shafa mai da addu'a, ba wanda ya ce wannan ta ƙare. Amma tsohuwar nan ta buga hotonta a allon talla? Ta shiga ɗaki na gaba ta tashi kowa?

Mama Saratu: Ba ta shiga ba. Amma ɗana, in Ruhu yana rarraba wa kowa yadda ya ga dama, wa ya ce sai ta tashi asibiti duka kafin a kira abin baiwa?

Rifkatu: Mama, ku yi haƙuri in sa baki, don ni a ɗakin marasa lafiya nake kwana. Lokacin da ake wa autanku addu'a, ƙarin ruwa yana hannunsa, ba ku cire ba. Matsalata da masu cirewa ce. Watan jiya aka kawo mana wata mata mai hawan jini, shekara shida tana shan maganinta lafiya lau. Wani mai kiran kansa annabi ya ce ta warke, shan magani rashin bangaskiya ne, ya sayar mata da kwalbar mai. Sati uku ta bar magani. An kawo ta a Keke Napep, baki ya karkace, ɓarin dama ya shanye, kwalbar tana ɗaure a bakin zanenta. Ko ya ƙare ko bai ƙare ba, ni ban ga inda manzanni suka sayar da mai ba. Da Saminu mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, kun san yadda Bitrus ya tsawata masa.

Baba Ayuba: Na karanta duka. Rigimar nan ta girme ku, ta girme ni. Turawan mishan uku da suka fara aikin da ya haifi ikilisiyar ECWA sun sauka Legas a 1893. Cikin kamar shekara ɗaya, biyu daga cikinsu suka mutu da ciwo, Gowans a Girku nan ƙasar Kaduna, Kent a Bida. Ba rashin bangaskiya ya kashe su ba. Waɗanda suka biyo baya suka sha kwinin, suka buɗe asibitoci da wuraren jinyar kutare, suna addu'a suna wanke miki. A kudu kuma wani mai wa'azi, Babalola, ya tashi a Ilesha a 1930, dubban mutane suka yi ta tururuwa neman warkarwa, kuma maganar shan kwinin ɗin nan tana cikin abin da ya raba mutanensa da Turawan da suke tare. Ogustin ma, babban malamin nan na Afirka ta Arewa, da fari ya ce al'ajibai irin na zamanin manzanni sun wuce, da ya tsufa sai ga shi yana rubuta warkarwar da aka yi a garinsa. Saboda haka ni ba zan tsaya a gaban jama'a in ce Allah ya rufe ƙofa ba, ban ga ayar ba. Amma Ishaku, surar da ka fara ɗauko mana, 1 Korantiyawa 14, ka karanta ta duka. Aya ta 27 da 28: mutum biyu, in ya yi yawa uku, bi da bi, wani ya fassara, in babu mai fassara a yi shiru. Kwanan addu'arku na matasa, ina jiyo ku daga gidana, mutum arba'in a lokaci ɗaya.

Ishaku: Baba, wannan addu'a ce tsakanin mutum da Allahnsa, ba saƙo ga jama'a ba.

Baba Ayuba: Da lasifika?

Yohanna: Baba ya gama da kai, ɗan'uwa.

Ishaku: To na ji, za mu kashe lasifika. Mai fassara kuma muna da shi, har biyu ma.

Malam Dauda: Madalla, abin ya zo da sauƙi. In wani ya yi magana da harshe, zan ɗauka a waya. A sa ɗaya mai fassarar a ofishin fasto, ɗayan a ajin Sande Sukul, kowa ya saurara ya rubuta abin da ya ji, sannan mu haɗa takardun.

Mama Saratu: Kai Dauda, ba gwada Allah ba ne wannan?

Malam Dauda: Mama, masu fassarar zan gwada. 1 Tasalonikawa 5 ta ce kada a raina annabci, a nan take kuma ta ce a gwada kome. In takardun suka zo ɗaya, ranar Lahadi zan tashi a gaban kowa in janye maganata.

Ishaku: In tambaye su tukuna ko za su yarda. Amma ko sun ƙi, Malam ka zo. Juma'a ƙarfe goma na dare, ka taho da rigar sanyi, tagogin baya ba gilashi.