Koya wa matasan ƙauye shugabanci: abin da jama'a suka faɗa

Ga taƙaitaccen abin da aka tattauna kan 'yan shekara 13 zuwa 19 a ƙauyukanmu na Kebbi.

1. Kusan kowa ya yarda lacca ba ta koyar da shugabanci. A damƙa wa yaro aiki: ya kira gayyar dashen shinkafa a fadama, ya raba wa kowa inda zai kama, ya tabbatar fura ta iso kafin rana ta take. In ya yi kuskure a gyara masa a keɓe, kada a kunyata shi gaban tsaransa.

2. A farfaɗo da sarautar sarkin samari, amma samarin su zaɓa da kansu. Da yawa sun koka cewa mai unguwa kan ɗora ɗansa.

3. Kuɗin ƙungiya a rubuta a littafi, a karanta a bainar jama'a duk wata. Ni a ganina nan ne ake gane mai amana.

4. Kan 'yan mata an rabu. Wasu sun ce a haɗa su taro ɗaya da maza, mafi yawa sun fi son nasu zaman daban a Islamiyya, ƙarƙashin malama.

5. Siyasa ma ta raba kawuna. Wasu sun tuna dokar 2018 da ta rage shekarun takarar majalisar jiha zuwa 25, suka ce a fara shiri tun yanzu. Wasu na tsoron a mayar da yaran 'yan banga.

Ba wanda ya goyi bayan sa yara sintirin dare.