Awon sikila kafin a sa rana, wane za a yi?

Ƴar Birni: Salamu alaikum ƴan zaure. Dan Allah shawara nake nema, ƙanena ne zai yi aure, an kai gaisuwa har an fara maganar sa rana sai gwaggonmu ta ce a yi awon sikila tukuna, shi kuma ya ɗauko kati wai jininshi O ne ba sauran magana. Hakan ya isa?

Malamin SVT (kimiyyar halittu da ƙasa): Wa alaikumus salam. A'a hajiya bai isa ba, O ɗin nan gurup ne, amfaninshi ranar da za a ƙara wa mutum jini. Wanda za su nema sunanshi elektroforez, shi ke nuna AA (ba gadon sikila) ko AS (mai ɗauke da gadon) ko SS (mai ciwon). Su je babbar likita ta Damagaram su faɗi sunan haka, kuma shi da yarinyar duka biyun.

Maman Biyu: Kuma kar su yarda a tsaya a kan awon Emmel kaɗai, shi yana nuna akwai S ne kawai, ba ya raba AS da SS. Ni haka aka yi mana, muka tafi da takarda muna murna ba mu gane komi ba.

Baba na Zango: To ni abin da ke ɗaure min kai, iyaye lafiyarsu lau suna noma suna kasuwa, sai a haifi yaro da amosanin jini. Daga ina ya fito?

Malamin SVT: Baba abin ɗan ƙarami ne ƙwarai. Cikin ƙwayar gadon da ke haɗa jan jini, a kromozom na 11 (kromozom su ne zaren da ke ɗauke da gado a jiki), harafi guda ne ya sauya, GAG ta koma GTG, kamar mai rubutun allo ya ajiye ɗigo inda bai dace ba kalma ta canza ma'ana. Shi ke nan in iska ta yi ƙaranci a jiki sai ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi, kuma maimakon ta yi kwana 120 sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Mai AS yana da guda mai kyau daga ɗaya cikin iyayenshi, ita ke rufa mishi asiri, har ma zazzaɓin cizon sauro mai tsanani bai cika kada shi ba, shi ya sa S ɗin ta yawaita a ƙasashenmu.

Ƴar Birni: To in duka AS ne, an ce ɗaya cikin ƴaƴa huɗu ko?

Malamin SVT: Nan mutane ke ruɗewa. Kowane ciki da lissafinshi sabo, kashi 25 cikin ɗari SS, 50 AS, 25 AA. Ana iya haihuwar uku a jere duk SS, ana iya shida ba ko ɗaya. Su duba C ma a takardar, wani irin sauyin gadon jini ne kamar S, AC da AS suna iya haifar SC, shi ma ciwo ne.

Maman Biyu: Nawa yaron sai da ya wuce wata shida sannan hannuwa da ƙafafu suka fara kumbura, kafin nan ɓul-ɓul da shi, har uwar mijina ta ce baki ne, muka yi ta rubutu da hayaƙi.

Malamin SVT: Allah ya ba shi lafiya. Jariri yana zuwa da jinin cikin ciki, emoglobin F, wanda ba ya lanƙwashewa, a hankali jiki ke kashe wannan ya kunna na manya, lokacin ne ciwon ke fitowa. Maganin idroksiyure ma aikinshi ke nan, ya ƙara F ɗin, amma sai da takardar lokotoro da awon jini akai akai, ba na saye a tebur ba ne.

Maman Biyu: Amin malam. Mu dai ruwa da yawa, gidan sauro, folik asid kullum, in hunturu ya shigo safa da rigar sanyi da wankan ruwan ɗumi. Zazzaɓi ko kaɗan ne ba ma kwana da shi a gida.

Ƴar Birni: Na gode ƙwarai. Sai ya je bai ci komi ba?

Malamin SVT: Ya karya kumallonshi ba komi. Sai dai in an ƙara wa ɗayansu jini cikin wata uku da suka wuce su faɗa, yana ɓata sakamakon.

Ƴar Birni: To Litinin da kaina zan kai shi. Gidan yarinyar ne ban san wa zai je ya faɗa musu ba, sai dai gwaggo tunda ita ta tada maganar.