Facin karatun async a Linux yana kawo bayanan wani fayil, ina matsalar?

Salam jama'a, don Allah a taimaka min, kwana uku ke nan ina kan abu ɗaya.

An ba ni facin wani abokin aikina, wato gyaran kod da ya yi, in duba, ya ƙara karatu mara jira (async) a ƙaramin tsarin fayil ɗinmu na Linux, ta hanyar O_DIRECT, wato karatu kai tsaye daga faifai. read_iter, wato sashen kod ɗin da ke karatun, yana tura bio (buƙatar karatu zuwa faifai) ya dawo da -EIOCBQUEUED (alamar cewa aikin na kan layi), in faifai ya gama sai a kira ki_complete don sanar da an kammala. A ido dai kod ɗin tsaf yake, har na kusa sa hannu.

Sai na kunna fio (manhajar gwajin faifai) da io_uring (hanyar Linux ta tura karatu mara jira), iodepth 32 (buƙata 32 a lokaci guda), a gefe guda kuma ina ta truncate ɗin fayil ɗin (wato datse shi) ina rubuta wani sabo, kawai sai ga bayanan sabon fayil a cikin abin da aka karanto daga tsohon, ba kullum ba, amma yana faruwa. Da pread, wato karatu mai jira na yau da kullum, ko sau ɗaya bai yi ba.

Zargina shi ne kod ɗin yana sakin i_rwsem, makullin fayil ɗin, tun kafin karatun ya gama, truncate ya saki bulok ɗin a ba wani fayil. Na gwada riƙe makullin har zuwa ki_complete, lockdep, mai sa ido kan makullai a kernel, ya hau ihu saboda ba wanda ya kama makullin ne ya sake shi ba. KASAN kuwa, mai gano kurakuran amfani da memori, shiru.

Shin inode_dio_begin kafin turawa da inode_dio_end a ƙarshe (masu ƙirga karatun da bai gama ba), da inode_dio_wait a cikin truncate (don ya jira karatun ya gama) sun isa su toshe wannan ramin?