Abin da aka tattauna kan saitin wutar kwamfuta

Jama'a hirar ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda a bi ma'aunin tsimin wuta na Amurka, wato Energy Star, allo ya mutu bayan minti 15 in ba a taɓa ba, kwamfuta ta shiga barci (ta lafa ba tare da ta mutu gaba ɗaya ba) kafin minti 30.

2. A rage hasken allo, shi ke shanye batirin laftof, musamman masu sola da inbata da daddare.

3. Hoton nan da ke yawo a allo in an bar kwamfuta ba ya rage cin wuta ko kaɗan, a cire shi.

Inda aka rabu shi ne barci ko haibanet (wato kwamfuta ta adana aikin da ke buɗe sannan ta mutu gaba ɗaya). Masu shagon buga takardu wajen Ƙofar Ƙaura sun ce barci ya fi don kwamfuta ta fi saurin tashi daga shi, kwastoma na tsaye ba za ka jira ta tashi ba. Wasu suka ce a'a, kwamfutar tebur in tana barci aka ɗauke wuta aikin da ba ka adana ba ya tafi, haibanet kuwa kan faifan ajiya na kwamfuta yake ajiyewa. Ni dai ina tare da na biyun, don wallahi na taɓa rasa aikin ɗalibi shafi 20 haka.