Shin ya dace a kai ma'aikacin lafiya kotun laifi saboda kuskuren aiki?

Maman Sadiƙ:
Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina neman masana shari'a da abokan aiki su haska mini wani al'amari. A watan Maris na 2024 jihar Kentucky ta Amurka ta kafa dokar da ta hana tuhumar ma'aikacin lafiya da laifi a kan kuskuren da ya auku wajen kula da mara lafiya, sai fa idan sakacin ya kai na ganganci, ko kuma da gangan aka cutar da mutum. Dokar ta biyo bayan shari'ar RaDonda Vaught, wata nas a jihar Tennessee, wadda a 2017 ta yi wa wata dattijuwa mai shekara 75 allurar vecuronium, mai shanye jiki har numfashi ya tsaya, a maimakon Versed mai kwantar da hankali. Dattijuwar ta rasu. Nas ɗin da bakinta ta sanar da kuskuren, amma a 2022 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci. Shin muna da irin wannan kariya a Najeriya, kuma ya dace mu neme ta?

Barista Auwalu:
Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba mu da dokar da ta keɓe ma'aikatan lafiya daga tuhumar laifi. A dokar laifuka ta Arewa, wanda ya jawo mutuwar wani ta hanyar ganganci ko sakaci yana iya fuskantar tuhumar kisan da hukuncinsa bai kai na kisa ba, kuma likita ko nas ba su fita daga ciki ba. Sai dai akwai tsohuwar ƙa'ida da ta samo asali daga ƙasarmu, a shari'ar Dokta Akerele. Likitan ya yi wa yara allurar maganin da haɗinsa ya yi ƙarfi, wasu suka rasu, aka same shi da laifi, amma majalisar ɗaukaka ƙara ta Ingila ta soke hukuncin a farkon shekarun 1940, tana cewa munin sakamako kaɗai ba ya mayar da kuskure laifi, dole sakacin kansa ya zama babba ƙwarai. Abin da ya fi damuna shi ne a aikace 'yan sanda kan tsare ma'aikaci tun kafin wani ƙwararre ya duba fayil ɗin mara lafiyar, alhali Hukumar Likitoci da ta Ma'aikatan Jinya da Ungozoma suna da kwamitocin bincike da na ladabtarwa.

Dokta Halima:
Barista, ina so a ƙara da shari'ar Dokta Hadiza Bawa-Garba, likitar yara a asibitin Leicester da ke Ingila. A 2011 wani yaro ɗan shekara shida ya rasu a hannunta sakamakon cutar da ta bi jini. A ranar nan ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa ba, ma'aikata sun yi ƙaranci, kuma na'urar da ke fitar da sakamakon gwajin jini ta samu matsala na sa'o'i. Ta yi kurakurai, babu mai musun haka, amma tsarin asibitin ma ya gaza. A 2015 aka yanke mata ɗaurin shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka, a farkon 2018 aka soke sunanta daga rajistar likitoci, sannan a watan Agusta na 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da ita. Tsoron da nake yi shi ne idan faɗin gaskiya zai kai mutum gidan yari, to kowa zai ɓoye kuskurensa, kuskuren kuma ya sake cin wani mara lafiya. A nan gida, inda likita ɗaya kan kwana da ɗakuna uku ba wuta ba iskar shaƙa, tsoron ya fi tsanani.

Malam Sani:
Likita, na fahimce ki, amma ina roƙon a dubi ɓangaren iyalai. A wajenmu ba yawan gurfanarwa ne ciwon ba, rashin bin kadi ne. Mace ta zubar da jini har ta rasu saboda ba kowa a bakin aiki, sai a ce wa miji ya yi haƙuri, ƙaddara ce, a rufe magana. Musulunci ya bambanta tun da farko: hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, malaman fiƙihu kuma sun ce kuskuren ƙwararre diyya yake jawowa ba ƙisasi ba. Kada kariyar da ake nema ta lulluɓe mai kemis da ke yin ƙarin ruwa a bayan shago, ko wanda ya bar aikin dare ya tafi asibitinsa na kuɗi.

Barista Auwalu:
Malam Sani, dokar Kentucky ba ta toshe ƙarar neman diyya ba, ba ta kuma hana ƙwace lasisi ba, tuhumar laifi kaɗai ta taɓa. Idan za a yi tamu, ina ganin a wajabta jin ra'ayin kwamitin ƙwararru kafin a shigar da tuhuma, a kuma ba iyalai haƙƙin karɓar kwafin fayil cikin ƙayyadadden lokaci. Maman Sadiƙ, kafin nan ki riƙa rubuta lokacin da kika ba da kowane magani da lokacin da kika kira likita, domin wannan rubutun kotu za ta fara nema.