Mun tarar da tsoffin kuɗin zinare a adakar kakarmu, ya ake ajiye su?

Ɗan_Jekadafari

Salamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman shawara. Kakarmu ta rasu bayan ƙaramar salla, da aka zo fitar da kayanta sai muka ga wani ƙulli a ƙasan adaka cikin tsumman saƙi, liyari biyu ne da kwabbai masu huji sai zinare guda uku. Ɗaya akwai kan wata tsohuwa da lulluɓi an rubuta 1899, ɗaya mutum ne mai gemu 1913, bayansu duka wani ne kan doki yana faɗa da dodo. Na ukun rubutun Larabci ne da dabino da takubba. Baba ya ce tsarabar kakanmu ce daga hajjin ƙasa da ya yi. Ni wallahi tun da na riƙe su abin ya shiga raina, so nake in fara tara irinsu in jera a shogilas na falo. Na ɗan goge na 1913 da man goge baki ya yi ƙyalli, sauran ma in goge ko?

Alhaji_Wunti

Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Hajiya ya sa ta huta. Ɗana tsaya, kar ka ƙara goge ko ɗaya! Man goge baki yana da gari a ciki, ka duba wanda ka goge da madubin masu gyaran agogo za ka ga zane-zane sirara kamar gashi, kuma ba sa fita har abada. Mai tara tsoffin kuɗi wannan dishi-dishin na shekaru yake so, da ya ga an goge kuɗin nauyi kawai zai ba ka.

Biyun nan fam ɗin zinare ne na Ingila. Tsohuwar Sarauniya Victoria ce, ta rasu 1901, mai gemun kuma Sarki George na biyar. Kowane ɗaya giram 7.98 ne, karat 22, faɗinsa milimita 22, tsantsar zinaren ciki giram 7.32 sauran jan ƙarfe ne. Ka kai shi wajen haske ka duba ƙasan da dokin yake takawa, sama da shekarar, wani lokaci akwai ɗan harafi ƙarami: S na Sidni, M na Melbon, P na Perth, duka a Ostireliya. In ba harafi bugun Landan ne. Ni abin da ya ja ni cikin harkar ke nan, shekara da shekaru ina neman na 1918 mai harafin I wanda aka buga a Bombay, shekara ɗaya tak aka yi shi a can a wancan zamanin. Na Larabcin ina zaton kuɗin zinaren Saudiyya ne da ake ce wa gini, an buga a 1370 da 1377 na Hijira, nauyinsa ɗaya da na Ingilan.

Ajiya kuma kowanne gidansa daban, kar ka bari suna gogar juna, zinare yana da taushi. Akwai 'yan gidajen roba masu tauri da murfi ana samu a intanet, ka nemi daidai faɗinsa. Banda leda mai laushin nan. A gefe ake riƙewa ba a fuska ba. Ƙurar hunturunmu ma in ta hau kar ka sa tsumma, hure ta kawai.

Maman_Ilham

Ni zinare nake sayarwa a nan Gombe, bari in sa baki. Kafin ka fara sayen wasu ka sayi ɗan sikeli mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, don na bogi sun cika kasuwa, wasu zinaren ne amma karat ɗin bai kai ba. Maganaɗisu bai isa gwaji ba, tagulla ma ba ya kama ta. Ni an taɓa kawo min guda ɗaya ido ya ce shi ne, da na ɗora sikeli ya ce shida da ɗigo, matar har kuka ta yi a shagona don a matsayin na gaske ta saya. Kuma in ka kai wa maƙeri kar ka yarda ya goga shi a dutse ko ya ɗiga asid, awo da faɗi sun isa tukuna. Wanda aka taɓa liƙa wa kunne aka yi sarƙa da shi ma darajarsa ta faɗi, ka riƙa duba gefe.

Maganar shogilas kuma gaskiya ƙanina a'a. Falon da yaran maƙwabta da masu gyaran wuta kowa ke shiga? A wannan zamanin? Ka jera liyarin da kwabban da su anini da sisi a kan baƙin karan-miski, suna da kyau sosai, zinaren ka ɗauki hotonsa ka ɓoye abinka. Hoton ma kar ya hau sitatus.

Abu_Hafsat_Azare

Abu ɗaya ba a taɓo ba: an raba gado kuwa? Kayan nan na magada ne, kai jika ne, sai ka jira a raba in ya faɗo a rabon Baba ya ba ka, ko ka saya a hannunsu da farashin ranar. Sannan in tarin ya yi yawa akwai zakka, nisabin zinare miskali 20 ne, wajen giram 85, ana fitar da ɗaya bisa arba'in in shekara ta zagayo. Irin naka guda 12 sun haura. In za ka yi musayar zinare da zinare kuma sai nauyi ɗaya, hannu da hannu, ka zauna da malaminku a kan wannan.

Ɗan_Jekadafari

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Alhaji na duba da tocilan ɗin waya, na 1899 akwai M a ƙasan dokin, na 1913 ba komai, kuma na ga zanen da ka ce, wallahi raina ya ɓaci. Na naɗe kowanne daban na mayar wa Baba, ya ce sai gwaggonmu ta zo daga Kumo ranar Asabar a zauna. Maman Ilham sikelin nan a Gombe ana samu ko sai an aika Kano?