Jami'ar gwamnati da ƙauyukan da ke bayan katangarta: mene ne haƙƙinmu a kanta?

Manomin Tudu:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena na wannan zaure, akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina roƙon waɗanda suka san aikin jami'a daga ciki su haska mini. Ƙauyenmu yana maƙwabtaka da wata jami'ar gwamnati, wadda ba zan ambaci sunanta ba domin ba ƙararta na kawo ba. Wani ɓangare na filin da aka gina ta a kai gonakin iyayenmu ne. An biya diyya a wancan lokaci, amma kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada, abin da aka ƙiyasta shi ne amfanin gona da itatuwa da gine-gine, ba ƙasar kanta ba, don haka kuɗin ɗorawa da tsamiya da mangwaro suka ƙare cikin 'yan shekaru, ƙasa kuwa ta tafi ke nan. Dattawanmu sun haƙura saboda an ce musu ilimi ne ya zo har ƙofar gida. Ba zan yi butulci ba, akwai yaranmu da suka samu aikin gadi da shara, masu babur suna samun fasinja, wasu kuma sun gina ɗakuna suna ba ɗalibai haya.

Bara waccan, bayan an yanke dawa, wata ɗaliba ta zo gonar mahaifina tare da abokan karatunta biyu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta nemi izini, suka ɗebi ƙasa a wurare biyar da wani ƙarfe da ake murɗawa, suka zuba a leda, suka rubuta lamba a jikin kowace. Mahaifina ya kai ta gefen da ciyawar wuta-wuta ta cinye masa dawa shekara uku a jere, ya ce idan na'urarsu ta gano abin da ke damun wurin, don Allah ta dawo ta gaya masa. Ta ce in sha Allahu. Har yau idan ya hango baƙuwar mota a bakin hanya sai ya tambaye ni ko yaran nan ne suka dawo. Ba na zargin yarinyar, domin na san ta gama karatunta ta tafi, amma sakamakon awon ƙasarmu yana can ajiye a wani kundi, mu kuwa muna nan muna zuba taki bisa kintace.

Shin akwai abin da tsarin jami'a ya wajabta mata game da maƙwabtanta, ko kuwa duk abin da ta yi mana alfarma ce? Idan akwai, ta wace ƙofa talaka zai shiga?

Tsohon Malamin Gona, daga Kura:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka gaishe mini da mahaifinka, ka ce masa jiran da yake yi ba rashin hankali ba ne, haƙƙinsa yake jira. Na yi shekaru ina aikin malamin gona a yankin Kadawa, kuma na ga da idona abin da jami'a take iya yi wa manomi idan ilimin ya fito daga ɗakin bincike. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda asalinta ya kai 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma tana da tashar gwajin noman rani a nan Kadawa. Duk irin da ka ji sunansa ya fara da SAM, kamar SAMPEA na wake da SAMNUT na gyaɗa da SAMSORG na dawa da SAMMAZ na masara, daga wannan gida ya fito. Mu da muka ga yadda farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka durƙusar da noman da ya gina dalar gyaɗa a Kano, mun san darajar irin da aka fitar daga baya mai jure wa wannan cuta. Manomi da yawa suna shuka shi ba su san aikin jami'a suke ci ba.

Amma misalin da ya fi dacewa da tambayarka shi ne buhun PICS da ake ajiyar wake a ciki. Masana na Jami'ar Purdue da ke jihar Indiyana a Amurka ne suka jagoranci ƙirƙiro shi, ita ma jami'ar gwamnati ce. Leda biyu masu kauri ne a ciki da buhu ɗaya a waje, a ɗaure kowanne daban, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu ba tare da an zuba fiya-fiya ko wata ƙwaya a abincin mutane ba. Abin da ya sa manoma suka yarda da shi ba takarda ba ce. An riƙa zuwa ƙauye a cika buhu a gaban jama'a, a ɗaure, a bar shi a hannun mutanen gari, sa'an nan bayan watanni a dawo a kwance a gaban kowa. Na halarci irin wannan kwancewa, na ga wani dattijo ya cusa hannunsa har gwiwar hannu, ya ɗebo waken ƙasa-ƙasa ya baza a tafinsa yana neman huji, bai samu ba. Dawowar nan ita ce ta sayar da buhun.

Kuma ba haka kawai suka koyi wannan ɗabi'a ba. Tun 1862 aka yi doka a Amurka aka ba jihohi filaye domin kafa kwalejojin da za su koyar da noma da sana'ar hannu, a 1914 kuma wata doka ta haɗa aikin malaman gona da waɗannan jami'o'i. A wajenmu an raba gari: bincike yana jami'a, malaman gona suna ƙarƙashin hukumomin jiha, kuma yawancinmu mun yi ritaya ba a maye gurbinmu da yawan da ya kamata ba.

Kafin ku samu amsa, ka gaya wa Baba cewa wuta-wuta ta fi ƙarfi a gajiyayyar ƙasa. Ya hutar da wannan gefe daga dawa, ya sa gyaɗa ko waken suya, ya ƙara takin gida, kuma a riƙa tuge ta kafin ta yi fure, domin 'ya'yanta suna shekaru a ƙasa ba su mutu ba.

Malama a Tsangayar Aikin Gona:

Malam, na karanta labarin mahaifinka, kuma ya taɓa ni ƙwarai, domin ni ma na sha tura ɗalibai ɗibar ƙasa da cike takardun tambayoyi a ƙauyuka. Amsar tambayarka ta farko ita ce, ba alfarma ba ce. Ayyuka uku aka kafa kowace jami'a a kansu, wato koyarwa da bincike da hidimar al'umma, kuma kuɗin jama'a ne ke tafiyar da ita, har da na asusun tallafa wa manyan makarantu, wato TETFund, da aka kafa a 2011, wanda ake tarawa daga harajin ribar kamfanoni. Matsalar ita ce idan an zo ƙarin girma, abin da ya fi nauyi a ma'auni shi ne yawan maƙalun da malami ya buga a mujallu, kusan dukkansu da Turanci, don haka wanda ya yini a ƙarƙashin bishiya yana yi wa manoma bayani da Hausa bai samu makin da wanda ya zauna a ofis yana rubutu ya samu ba. Wannan gyara ne da ya rataya a wuyanmu, ba a wuyanku ba.

Akwai abubuwan da ya kamata ka sani. A jami'o'in tarayya ana raba gurbin karatu kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga yankin da jami'ar take, kashi 20 ga jihohin da suka koma baya a ilimin boko. Sai dai yankin da ake nufi jihohi ne, ba ƙauyen da ke jikin katanga ba, shi ya sa ɗan maƙwabta ba ya da wani gurbi na musamman sai abin da hukumar jami'a ta ware da kanta. Akwai kuma tsarin da cibiyoyin bincike da kwalejojin noma ke ɗaukar wani ƙauye su mai da shi wurin gwaji da koyarwa. Cibiyar binciken noma a yankuna masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero, wadda aka kafa a 2012 a sabon mazaunin jami'ar da ke hanyar Gwarzo, tana horar da manoma. Ƙofofin suna nan, sai dai ba a cika yin shelarsu ba.

Shawarata ita ce kada ku rubuta wa shugaban jami'a kuna neman taimako a dunƙule, domin irin wannan takarda takan kwanta a fayil. Ku bi ta hannun mai unguwa da dagaci, ku rubuta wa shugaban tsangayar aikin gona, ku nemi abu takamaimai: a nemo kundin binciken da aka yi a gonakinku, tun da akan ajiye kwafinsa a sashe, a turo malami ya yi muku bayaninsa da Hausa kafin damina ta faɗi. Sa'an nan ku kafa sharaɗi cewa duk mai binciken da zai shigo garin ya fara zuwa wurin dagaci, ya bar sunan malamin da ke duba aikinsa, a kuma sa ranar da zai dawo da sakamako.

Ungozoma, daga Jigawa:

Sannunku da ƙoƙari. Malama, na gode da kika faɗi gaskiya game da gidanku, amma ina ganin bai kamata kullum talaka ne zai fara ƙwanƙwasa ƙofa ba, alhali mai ilimi ya fi sanin inda ƙofar take. An ƙirƙiri Jigawa a 1991, amma sai a 2011 muka samu jami'ar tarayya a Dutse, sai ta jiha a Kafin Hausa a 2013. Babban alherin da na gani shi ne iyayen da ba za su taɓa barin 'yarsu ta tafi Zariya ko Maiduguri ba sun amince ta yi karatu kusa da gida. Lokacin yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya kai wata takwas, mun kuma ga yadda cinikin masu waina da masu wanki da masu ɗakunan haya ya tsaya cak a garuruwan da ɗalibai suka watse, abin da ya nuna cikinmu da nasu a haɗe yake.

Abu biyu nake so a sa a takardar. Idan an kira taro a ƙofar dagaci maza ne ke zama, alhali matsar man gyaɗa da yin ƙuli-ƙuli da turara shinkafa da kiwon awaki duk a cikin gida ake yin su. A turo ɗalibai mata su shiga gidaje, musamman masu karatun lafiya da abinci mai gina jiki, domin tamowar da nake gani a jikin yara ba ta rasa nasaba da rashin sanin yadda za a haɗa abin da ke cikin rumbu. Na biyu, tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, kuma na san yara masu ƙoƙari da ba su taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba sai ranar jarrabawar. Idan jami'a ta buɗe wa 'yan ajin ƙarshe na sakandaren maƙwabta ɗakin kwamfutocinta na mako biyu a lokacin hutu, hakan zai fi musu amfani a kan rabon buhun shinkafa da azumi.

Manomin Tudu:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa mahaifina amsoshinku bayan sallar magariba, kuma ya ce bana gyaɗa zai sa a wannan gefe kamar yadda Baba na Kura ya ce. Na je wurin dagaci, ya amince a zauna ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya kuma ce matarsa za ta tara mata a cikin gida a ji nasu buƙatun, kamar yadda Inna ungozoma ta nuna. Malama, saura tambaya ɗaya: dole ne takardar ta kasance da Turanci?

Malama a Tsangayar Aikin Gona:

Ku fara rubuta ta da Hausa, a karanta wa dattawa su ji abin da za su sa wa hannu, sa'an nan shugaban makarantar firamarenku ya juya ta zuwa Turanci a haɗa su biyun. Ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ku dawo da shi wurin dagaci. Ka kuma tuno mini watan da ɗalibar ta zo da sunan da ake kiran gonar da shi, domin da su za a fi saurin gano kundin.